Ƙwan LED na fitilar lambar mota: wanne za ka saya idan hanyarka burji ce?

Cikin dukan fitilun da ke jikin mota babu wadda ake mantawa da ita kamar 'yar ƙaramar nan da ke haska lamba ta baya. Direba ba ya ganinta daga inda yake zaune, ba ta haska masa hanya, in ta mutu mota ba ta fasa tafiya. Sai ran da aka taso daga kasuwar Maigatari ta Alhamis ko ta Wudil ta Juma'a bayan isha'i, jami'i ya zagaya bayan mota da tocila ya ce, "Direba, ina wutar lambarka?" sannan a tuna da ita. Kuma yana da gaskiya. In mota ta buge mutum ko dabba a bakin titi cikin dare ta wuce, lambar nan ce kaɗai abin da mutanen gari za su riƙe. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1968 kan zirga-zirgar motoci ta nemi a haska lambar baya yadda za a iya karanta ta da dare daga nisan mita 20, kuma farin haske ake nufi, ba wani launi ba.

Tsohon ƙwai na gilas wat 5 ne, a cikinsa akwai siririn zare na ƙarfe da ke yin ja-wur ya ba da haske. Zaren nan shi ne lagonsa. Motar da kullum take kan gargada, daga ƙauye zuwa bakin kwalta, ana buɗe but ana bugawa da ƙarfi a kowace tasha, zaren yakan tsinke tun bai tsufa ba. Ƙwan LED, wato mai 'yan ƙwayoyin lantarki da ke ba da haske, ba shi da zare, shi ya sa ya dace da mu. Sai dai yanzu ya cika kasuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano har teburin mai kayan babur a tashar ƙauye, iri-iri, kuma da yawansu ba su kai tsohon ƙwan daɗewa ba. Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, wanda zai daɗe ake nema, ba wanda ya fi haske ba.

Kafin ka je kasuwa, kwance tsohon ƙwan ka sa a aljihu. Ba kowace mota ce ke amfani da iri ɗaya ba. Yawancin motocin Japan da muke hawa, Corolla, Camry, Sienna, Hiace, Accord da Civic, suna amfani da wanda ake cusawa, gindinsa gilas ne mai faɗi da 'yan wayoyi biyu a lanƙwashe. A jikin kwali za ka ga an rubuta T10, ko W5W, ko 194, ko 168, duk soket ɗaya suke shiga. Motocin Jamus da dama, irin su Golf 4 da tsofaffin Marsandi, nasu dogo ne kamar guntun alli, da hular ƙarfe mai tsini a kowane baki, ana maƙala shi tsakanin ƙarafa biyu. Shi ne C5W, kuma yana zuwa da tsawo daban-daban: milimita 31, 36, 39 da 41. Na lamba yawanci 36 ne, amma kar ka dogara da haka, ka gwada da wanda ka kwance. In ya gaza tsawo zai riƙa rawa a ciki yana ɗaukewa, in ya wuce kuma sai ka buɗe ƙarafan da ƙarfi, daga nan sun saki ke nan.

Masu manyan motoci kuma su lura da abu ɗaya. Ƙaramar mota wutarta bolt 12 ce, amma tirela da tifa da yawancin motocin ɗaukar kaya na dizal bolt 24 ne. Ƙwan da aka rubuta wa 12V kaɗai, in ka sa shi a babbar mota, zai yi haske na ɗan lokaci ya ƙone.

Mafi araha shi ne wanda ake zubawa a leda ko a roba a kan tebur, ba kwali ba suna. In ka ɗaga shi ka duba, za ka ga 'yan ƙwayoyi rawaya guda biyar, huɗu a gefe, ɗaya a kai, a kan farar roba marar nauyi. A ciki ba komai sai ɗan resista guda, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa. Matsalarsa ita ce an auna shi a kan bolt 12, alhali mota in tana tafiya altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, kan tura wuta wajen 14 har da ɗoriya. Wannan ɗan ƙarin yana sa ƙwayoyin su ja wutar da ta fi ƙarfinsu, su yi zafi. Ga shi gidan fitilar lamba ƙarami ne, rufe, ba iska, a watan Afrilu da Mayu kuma zafin Kano da Jigawa kan haura digiri 40. Da farko ƙwaya ɗaya ce za ta fara ƙyafta ido, sai ta biyu, sai hasken ya koma shuɗi-shuɗi mai rauni. Duk wanda ya taɓa bin bayan mota da dare ya ga fitilar lambarta tana walƙiya, to irin wannan ne. Araha ba ta ado. In ba shi kaɗai ka samu ba, a wuce shi.

Na biyu, wanda ni shi nake ba mutane shawara, shi ne mai na'urar daidaita wuta a ciki. Ana gane shi ta hanyoyi uku. A kwalinsa ba za a rubuta 12V kawai ba, za a ba da tazara, kamar 9 zuwa 16, ko 12 zuwa 24. In ka riƙe shi za ka ji ya ɗan fi nauyi, jikinsa na alminiyom ne ko farar tangaran, don su janye zafi daga ƙwayoyin. Sannan in ka duba ɗan allon da ƙwayoyin ke kai da kyau za ka ga wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu ban da ƙwayoyin haske. Ko altaneta ta ɗaga wuta ko ta sauke, wutar da ke isa ga ƙwayoyin ba ta canzawa, shi ne sirrin daɗewarsa. Da yawa daga irin wannan ba su da gaba da baya, duk yadda ka cusa za su kama. Kuɗinsa ya fi na farko, amma bai kai abin da za ka kashe kana sauya na leda sau da yawa ba, balle wahalar kwance murfin da kowane kwancewa yake ƙara masa rauni. Aibinsa ɗaya, wasu marasa kyau daga cikinsu kan sa rediyo ya riƙa shuu da zarar an kunna fitila. Direban da ba ya rabuwa da labaran dare ya gwada wannan tun yana gaban shago.

Akwai kuma wanda aka rubuta wa CANBUS da manyan baƙaƙe, kuma masu shago sun fi son tura shi domin ya fi tsada. A nan ne mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. An yi shi ne don motocin da kwamfutarsu ke lura da kowane ƙwai, irin su Golf 5 zuwa sama, da Marsandi da BMW da Audi na baya-bayan nan. Da yake LED wuta kaɗan yake ja, kwamfutar sai ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta kunna alamar gargaɗi a gaban direba, wani lokaci ma ta yanke wutar ko ta sa shi ƙyaftawa. Maganin da aka yi shi ne a ƙara wa ƙwan resista da zai sha wuta a banza don kwamfuta ta gamsu. Wutar da ya sha kuwa zafi take zama, a cikin wannan ɗan gidan robar dai. In motarka tana kunna gargaɗi, ba ka da zaɓi, ka saye shi, ka nemi mai jikin alminiyom. Amma mai tsohuwar Corolla ko Hiace ta haya, wadda ba ruwanta da ƙirga wutar fitilar lamba, in ya saya ya ƙara kuɗi ne ya sayi zafi.

Manyan kamfanoni irin su Osram da Philips su ma suna yin waɗannan ƙananan ƙwai, kuma na gaskiyarsu haskensu daidai ne, tsawonsu bai wuce na asali ba. Sai dai masu jabu suna kwaikwayon kwalinsu, saboda haka suna a kwali ba hujja ba ne. In farashinsa ya yi kusa da na leda, ka san amsar.

Wani lokaci ba ƙwan ne matsalar ba, gidan ne. Ka durƙusa ka duba na motarka da rana. A motocin Kwatano da suka sha shekaru a karkara za ka tarar murfin ya koma ruwan ƙasa, ya tsage, jar ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, ruwan damina ya bi ya mayar da ita laka ta bushe. Ƙarafan soket sun yi kore ko sun yi tsatsa, tsohon ƙwan kuma gilashinsa ya yi baƙi ta ciki. A irin wannan gida ko wane ƙwai ka sa ba za ka ga alherinsa ba. In murfin lafiyarsa lau, wanke shi da ruwa da sabulu, ka goge ƙarafan da 'yar sandfefa, sau da yawa rabin hasken da ka rasa zai dawo kafin ma ka sauya komai. In kuwa ya fashe, akwai cikakken gida na LED da ake sayarwa, a rufe ruf da robar hana ruwa, ka cire tsohon ka jona sabon. Ga ƙura da ruwa babu kamarsa. Amma kowace mota da nata fasali, ba lallai ka samu a Dutse ko Haɗejiya ko Gumel ba sai an aika Kano, kuma ran da ya mutu ba a sauya ƙwai, dukansa za ka sake. Kar ka jefar da tsohon gidan in bai gama lalacewa ba. Ka kuma tabbatar filoginsa ya yi daidai da na motarka. In sai an yanke waya an naɗe da salatif, to ka ƙara wa motar wurin da ruwa zai shiga.

Maganar launi ba ta da tsawo. Lambar da ke ƙare da K a jikin kwali ita ke nuna shi. Tsohon ƙwai wajen 2700K ne zuwa 3000K, mai ɗan ja-ja. Daga 4000K zuwa 6000K fari ne, nan za ka tsaya. Daga 8000K ya koma shuɗi. Lambobinmu farin fili ne da rubutu shuɗi ga motar gida, ja ga ta haya, kore ga ta gwamnati, kuma shuɗin haske a kan shuɗin rubutu dusar da shi yake yi. Masu ja da kore da masu sauya launi, waɗanda samari ke sha'awa, ba na wurin nan ba ne, jan magana ne kawai a shingen bincike.

Haka ma yawan haske. Da lumen ake auna yawan haske; tsohon W5W lumen 50 yake bayarwa, kuma da shi aka auna gidan. Ninki biyu na wannan ya isa har ya yi yawa. Fuskar lamba tana mayar da haske, in ya yi ƙarfi sai ta zama fari fat, rubutun ya ɓace, na bayanka kuma ya ji shi a ido. Mai kyamarar ribas zai ga hoton ya wanke da dare. Alƙaluman da ake bugawa a kwali, na lumen da na daɗewar awa 30,000 ko 50,000, kar su ruɗe ka, na ƙwayar ne a wuri mai sanyi, ba na gidan roba a bazara ba. Ƙwai mai ƙwayoyi da yawa kuma yakan yi tsawo. Na asali bai kai milimita 27 ba, in sabon ya ɗara shi sosai murfi ba zai rufu ba. A motoci da yawa ƙwan a kwance yake cikin gidansa, don haka wanda ƙwayoyinsa ke kai kaɗai gefe zai haska, ya bar lamba cikin duhu. Nemi mai ƙwayoyi a gefuna.

Wani zai ce maka LED zai rage wa batir nauyi har ya rage shan mai. Tsofaffin ƙwai biyu na gilas wat 10 ne gaba ɗaya, alhali babbar fitilar gaba guda ɗaya wat 55 ce zuwa 60. Ragin bai kai a saya dominsa ba. Kuma mutumin da ba ya tafiyar dare sosai, hanyarsa kwalta ce, in ya ci gaba da tsohon ƙwai mai kyau bai yi laifi ba, ya ma fi na leda.

A shago, ka ce wa mai kaya, "Maigida, a ɗora min shi a batir in gani." Ka bar shi a kunne ɗan lokaci, ka duba ko duk ƙwayoyin sun kama da haske iri ɗaya, ka taɓa jikinsa. Ɗumi ba komai, amma in ya gagari yatsa tun a sarari, ka tuna a rufe zai zauna. Ka sayi biyu iri ɗaya, don kar gefe ɗaya ya yi fari ɗaya ya yi ja.

Wajen sawa, a kashe fitila tukuna. Fitilar lamba a yawancin motoci layinta ɗaya da danja da fitilar fakin, fis ɗaya suke sha. In ƙarfe ya taɓa ƙarfe fis ya tsinke, ba lamba kaɗai za ta mutu ba, bayan motar gaba ɗaya zai yi duhu, kuma direba ba zai sani ba yana kan titin da tireloli ke bi. Wannan ya fi faruwa da dogon ƙwan nan mai alminiyom a baya, in alminiyom ɗin ya haɗa ƙarafan soket. A juya shi ƙwayoyin su kalli lamba, bayan kuma kar ya taɓa komai. Murfin roba da ya sha rana yana da saurin karyewa, a ɓamɓare shi a hankali da bakin sukundireba. In ka sa bai kama ba kar ka yi saurin cewa ya mutu, cire ka juya shi ka mayar, LED da yawa ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta. In wanda ake cusawa ne kuma ka ji ya yi sako-sako, ɗan buɗa wayoyin gindinsa waje kaɗan da farce don ya kama da kyau, in ba haka ba gargadar farko za ta girgiza shi. Idan an juya an goge har yanzu shiru, duba fis, sannan a kai wa mai gyaran waya ya bi layin, musamman inda wayoyi ke lanƙwasa a maƙogwaron but, nan suka fi karyewa. Kafin a ɗaure murfi a kunna fakin, a sa yaron mota ya ja baya kamar taku ashirin da biyar bayan magariba ya karanto lambar da baki.