Waƙar tsufan Don Williams da memorin da ya ɓata min rai

Don Williams, mawaƙin kantiri na Amurka, dai ba sai an gabatar da shi ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, kaset ɗaya ne a cikin fijonsa, daga Kaduna har Funtuwa shi ake juyawa, har muka haddace Tulsa Time alhali ba mu san me take cewa ba. Ni a zatona mutumin ya ajiye jita tun da daɗewa. Sai kwanan baya wani abokin aiki ya ce ai ya fitar da kundi a 2012, And So It Goes, yana da shekara 73, bayan shekara takwas bai fitar da sabon abu ba. Na tafi wurin yaron da ke tura min waƙa na ce ya zuba min shi a memori.

Gaskiya ban sa rai da komai ba. Wanda ya hau saman jadawalin waƙoƙin kantiri na Amurka sau 17, amma rabonsa da lamba ɗaya tun 1986, rabonsa da goman farko tun 1991, ai ka san kasuwa ta tashi. Su Garth Brooks da Alan Jackson sun shigo, gidajen rediyo suka koma wa samari, aka bar tsofaffi da lambar yabo. Na ce to, mu ji kawai don tuna baya.

Ina cikin cunkoso a Kawo, ana ta hon, sai ga I Just Come Here for the Music, wadda ya yi da Alison Krauss. Wallahi sai da na ɗaga gilashi. Muryar ta ɗan dushe, ta ƙara nauyi, ba ya jan baiti kamar da, amma natsuwar tana nan daram. Mutum biyu ne masu ciwon zuciya a wurin kiɗa, ana cewa kiɗa kawai aka zo ji. Ita kuma Alison muryarta siririya tana bin tasa a hankali, ba ta danne shi ba. Ashe har an sa waƙar a takarar Grammy, ko da yake ba ta ci ba. Tsohuwar zuma ce, babu ja.

To a nan ne abin haushin. Ana tsakiyar amshi na biyu waƙar ta yanke ɗif, sai ga Jim Reeves, wani tsohon mawaƙin kantiri, ya faɗo. Na mayar, ta sake yankewa a wuri guda. Da na duba da kyau, waƙa huɗu ce kacal daga kundin, sauran duk tarkace ya cika min. Na koma washegari, yaron ko a jikinsa, wai “Alhaji, ai duk waƙar Turawa ce, kuma ita Jim ɗin ta fi fita.” Na biya kuɗin turi cikakke fa! Ya sake turawa, ta sake yankewa, don tushen nasa ne a gutsure.

Daga baya ɗana ya nemo min kundin a intanet na ji shi gaba ɗaya, kuma a nan zumuɗina ya ɗan ragu. Waƙoƙin kusan duk tafiyarsu ɗaya, sanyi a kan sanyi. Direba mai tafiyar dare ya kiyaye, barci zai kwashe shi kafin Jaji. An ce akwai Keith Urban da Vince Gill a ciki, ni dai sai da na kasa kunne sosai. Babu wadda za ta kama ka irin kamun tsohuwar waƙarsa I Believe in You, kuma na fahimci abin da ya sa rediyo ba ta ɗauka ba.

Duk da haka waƙar nan guda ɗaya na ji ta ya fi sau talatin. Don Williams ya rasu a 2017, shekara biyar bayan ta. Memorin yaron kuwa yana cikin aljihun mota, har yau ban goge Jim Reeves ɗin ba, Hajiya ta ce a bar mata.