Ofishin tsohon magatakardan kotu da ya haɗa mini takardun ritaya a Garwa ta Kamaru

Mutum uku cikin abokan aikina na kamfanin auduga sun tambaye ni wanda ya haɗa mini takardu kafin in tattara zuwa Kano, garin mahaifina. To ga amsar a wuri ɗaya, daɗinta da ɗacinta.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, ba nisa da kotu, ga fanka mai kuka, ga kwamfuta ɗaya da wata yarinya ke bugawa. Mai wurin dattijo ne da ya yi shekaru yana magatakardan kotu. Shi ba lauya ba ne, ba kuma noter (jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance) ba, ya kuma faɗa mini haka tun ranar farko, abin da ya sa na fara yarda da shi ke nan. Aikinsa ya karanta takardunka, ya gaya maka abin da ya ɓace, ya nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Mun yi ciniki a kan jaka 75 ta sefa, ban da kuɗin tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma.

Na zo masa da jakar leda cike da takardu, ina jin kaina a shirye. Ya baje su a tebur, ya yi shiru kusan rabin awa, sannan ya ɗago kai.

"Alhaji, ku uku ne a cikin ledar nan. Wanne ne zai yi ritayar?"

Ashe a takardar haihuwata sunan mahaifina Aboubakar ne, a katin ɗan ƙasa Boubakary, a rajistar CNPS, asusun fansho na Kamaru, kuwa Bouba. Shekara 31 ina aiki ban taɓa lura ba. Sai da muka nemi takardar shaidar cewa duk mutum ɗaya ne. Da na miƙa dosiye, wato fayil ɗin neman fansho, haka, da an dawo mini da shi ina can Kano.

Inda ya fi burge ni shi ne lissafin fansho. Ya ɗauki biro ya zana mini dokar: shekara 60 da haihuwa, shekara 20 da rajista, wata 180 na zubi. Wannan ke ba ka kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin albashinka na shekara uku ko biyar na ƙarshe, wanda ya fi maka riba, sannan kowane wata 12 da ya ƙaru a kan 180 ɗin yana ƙara kashi ɗaya. Ni da nawa lissafin kashi 46 nake jira. Ya sa na je na karɓo takardar tarihin zubina, sai ga ramin shekara biyu cur: wani ɗan kamfanin sufuri da na fara yi wa tuƙi yana yankar mini kuɗi a albashi, bai taɓa kai su ba. Kamfanin ya mutu tun tuni, mai shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na sauka a 44. Dattijon bai yi mini alkawarin ƙarya ba, cewa ya yi, "Wannan sai a bar wa Allah, mu tsare abin da ya rage."

Sai maganar aure. Ya tambaye ni takardar aure, na ce an ɗaura a masallacin unguwarmu ta Yelwa shekara 34 da suka wuce, shaidu ma wasunsu na raye. Ya ce asusun fansho bai san goro da alawa ba, takardar magajin gari ya sani, kuma in na faɗi yau, rabin fanshon da doka ta ware wa matar mamaci ba zai kai hannun Hajiya ba. Haka muka je ofishin magajin gari da furfurarmu aka sake ɗaura mana aure, jikoki na ta dariya a baya. Da aka zo tambayar nan ta mace ɗaya ko fiye, Hajiya ta riga ni amsawa. Wannan kuma wani labari ne.

Gargaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne na zama ɗan ƙasa. 'Yan uwana na Kano sun riga sun ce da na iso za a yi mini fasfo na Najeriya, tunda mahaifina ɗan can ne. Dattijon ya ce in bi a hankali: dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, wanda ya karɓi ta wata ƙasa da son ransa ya rasa ta nan. Ga gidana a Garwa, ga fansho, ga 'ya'ya huɗu da suka zauna. Na fasa, na tafi a matsayina na ɗan Kamaru.

Kuɗin ma shawararsa na bi. Na bar asusuna na banki a nan, sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa kowa ya ga yadda ta zube tun 2023. Ya kai ni wurin noter aka rubuta wa babban ɗana takardar wakilci, ya riƙa karɓar hayar gida yana kula da asusun, amma ba shi da ikon sayarwa. Wannan layin na ƙarshe dattijon ne ya nace a saka, ɗana na zaune yana ji.

Yanzu ga inda ya ɓata mini rai. Mutumin ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Takardar shaidar rashin laifi daga kotu wata uku take aiki, ya sa na ciro ta da wuri, sauran takardu suka yi ta jan ƙafa a aljihun teburinsa har ta mutu, na sake biya. Tambur ɗaya yanzu 1,500 ne, na daina ƙirgawa a na goma sha wani abu. Rasit kuma sai ka roƙa. Sau biyu ana ce mini "a kawo na mota", ba a rubuta ko'ina ba. Waya ba ya ɗauka bayan la'asar. Yarinyar ce kullum ke ba ni haƙuri, "Baba, a dawo jibi."

Abu na biyu, iliminsa a bakin iyaka yake tsayawa. Duk abin da ya shafi ɓangaren Najeriya, izinin zama, lambar NIN, BVN ta banki, fassara takardu daga Faransanci zuwa Turanci, bai taɓuka mini komai ba. Sai da na isa Kano wani ƙanena ya ɗora daga nan.

Aikin da ya ce wata uku ya ci wata takwas, jaka 75 ta zama kusan 130 in an haɗa komai. Duk da haka wanda ya rage masa shekara ɗaya ya aje aiki, ni zan ce ya je, ya riƙe ainihin takardunsa a hannunsa ya bar masa kwafi kawai, ya kuma sa a rubuta farashi tun farko. Wanda ya rage masa wata biyu kuwa kada ya wahalar da kansa.

Wata mai zuwa zan biyo ta Yola in shigo Garwa don kai wa asusun fansho shaidar ina raye. Hajiya ta ɗaura wa dattijon ƙullin kilishi, ni kuma har yanzu ina bin sa rasit ɗaya.