Fayil ɗin ajiye kati da na saya, bayan wata huɗu

To jama'a, na yi alkawarin zan faɗi yadda na ga fayil ɗin nan mai zif da na yi oda don ajiye katunan 'yan ƙwallo na, ga shi yau Allah ya yi.

Ni dai tun 2018 na faɗa harkar nan, lokacin kofin duniya na Rasha. Wani yayana ne ya dawo daga tafiya ya miƙo min fakiti biyar na katunan 'yan ƙwallo na Adrenalyn XL ɗin Panini, kamfanin nan na Italiya da ke garin Modena, su ne ai suke fitar da littafin sitika na kofin duniya tun 1970. Ina farke na uku sai ga Ahmed Musa, kuma a satin ne ya zura wa Iceland ƙwallo biyu, shikenan na kamu. Tun daga nan a gwangwanin biskit nake tara su, in ɗaure da kyauro kamar mai canji. Wallahi kar wanda ya yi wannan gangancin, kyauron ya ci gefen kusan duk na sama da na ƙasa, da damina ta zo kuma masu ƙyalli ɗin nan suka lanƙwashe kamar an gasa su a wuta. Ranar da na buɗe na ga Modric ɗina ya zama kwalekwale ko abinci ban iya ci ba, Hajiyarmu tana ta dariya wai gardi da gemu yana jimamin takarda.

Shi fayil ɗin shafi 20 ne, kowane shafi aljihu tara gaba tara baya, kati 360 kenan yake ɗauka. Abin da ya fi burge ni ta gefe ake zura katin ba ta sama ba, ko ka kife shi ka girgiza ba abin da zai zubo, na gwada da kaina har sau biyu. Zif ɗin ma ya yi aiki, duk ƙurar hunturun bana da ta shiga har cikin akwatin kayana ban ga ko ɗigo a ciki ba. Bayan kowane aljihu baƙi ne mai laushi, sai ka ga kalar rigar Super Eagles ta 2018 ɗin nan mai zane-zane ta fito fes.

Amma fa ba yabo zalla ba. Mai shagon da na saya a wajensa ta intanet ya ce kwana uku, sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina kira ana cewa "yana hanya oga", ƙarshe ma a tasha na je na karɓo wajen direba har da ƙarin kuɗin mota. Satin farko warin roba yake yi sosai sai da na bar shi a buɗe a inuwa. Sannan in ka fara sa kati a 'yar ledar kariya kafin ka zura, masu kauri suna matsewa, ɗaya sai da na ji tsoron zan karya masa kusurwa na haƙura na sa shi haka. Sitika kuwa sun yi wa aljihun ƙanƙanta, yawo kawai suke a ciki, na Qatar 2022 guda 670 ne a littafin kuma ba mu a ciki tunda Ghana ta fitar da mu a Abuja, don haka ban ma damu ba na mayar da su gwangwaninsu, ba kyauro dai.

Kuɗinsa ya kai datar da nake saya ta wata biyu, in katunanka ba su wuce hamsin ba gaskiya ka bari tukuna. Ni yanzu saura aljihu 41 ya cika, kuma ina da Iwobi har guda huɗu, mai Victor Moses ya yi magana mu yi musaya.