Giyar motata ta daina jinkiri ba tare da an sauke ta ba: sharhi kan wani gareji a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, Ghana

Motata Mercedes C220 CDI ce ƙirar 2003, mai shan dizal, giyarta otomatik mai hawa biyar, wadda masu gyara ke kira 722.6. Da shigowar hunturun da ya wuce ta tsiro da wani hali. In na taka totur daga tsaye sai injin ya ɗaga murya motar ba ta tafi ba, can sai giya ta shiga da ɗan bugu. Tsakanin ta biyu da ta uku abin ya fi muni, musamman da sassafe ko a cunkoson Kejetia. In ta miƙe a hanyar Ejisu kuwa, lafiya lau take gudu.

Waɗanda na fara kai wa motar ba wanda ya jona mata na'ura. Suka zaga da ita, suka dawo da magana ɗaya: giya ta mutu, a nemo ta hannu, wato wadda aka ciro daga wata motar, a ɗora. Abin ya tsaya min a rai, domin giyar hannun ita ma tsohuwa ce da ba wanda ya san tarihinta. Wani maƙwabcina a Aboabo, tsohon direba, shi ya yi min kwatancen wannan gareji a cikin Magazine, in ka wuce shataletalen Suame ka kama hanyar Offinso. Mai wurin ɗan Zango ne, Hausa muka yi da shi tun daga sallama.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyinsa. "Alhaji, tana yi in inji ya yi sanyi ne ko in ya yi zafi? Ta taɓa maƙalewa a giya ta biyu ta ƙi tashi sai ka kashe ka kunna? Tana baƙin hayaƙi a hawa?" Na ce, "Masta, maƙalewa dai ba ta taɓa ba, amma hayaƙi akwai." Ya ce to kada mu yi saurin ɗora wa giya laifi.

Bayaninsa shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya sa na rubuta wannan sharhi. Giyar irin wannan mota tana da kwamfutarta daban, kuma ba ta canja hawa da ka. Tana sauraron abin da kwamfutar inji ke gaya mata: ƙarfin da injin ke bayarwa, da yadda aka taka totur. In injin dizal ya rasa iska, ko na'urar auna iskar ta fara ba da lissafin ƙarya, ƙarfin da aka faɗa wa giya da wanda ya iso gare ta sai su sha bamban. Daga nan jinkiri da bugu ke fitowa, alhali cikin giyar ƙalau yake. Ya jona na'urar bincike, ya sa yaronsa ya riƙe ta muna tafiya, ya nuna min layi biyu: iskar da injin ke nema da wadda yake samu. Ta biyun tana ƙasa sosai duk lokacin da na taka.

Da aka buɗe, matatar iska ta cika da jar ƙura har ta yi nauyi a hannu. Bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, baƙin maiƙo ya daskare a bakinsa, yaron yana kankarewa da sukudireba yana zubowa gutsure-gutsure. Motar dizal da ta fi yawo a cikin gari ba ta samun doguwar tafiya haka take tarawa. Aka wanke, aka sa sabuwar matata, aka canja na'urar auna iskar bayan an gwada wata an ga lissafi ya daidaita.

Sai aka koma kan giyar kanta. Mutane da yawa ba su san wannan giya ba ta zuwa da sandar auna mai ba. Bututun yana nan amma a rufe, domin da farko kamfanin ya ce man ba ya buƙatar canji, daga baya ya koma yana ba da shawarar a canja wajen kilomita 60,000. Masta yana da doguwar sandar da aka yi don ita, kuma bai auna ba sai da na'ura ta nuna man ya kai digiri 80, inji na aiki, giya a P. Man ya yi ƙasa da alama. Ya ɗiga shi a farar takarda, ya fito ruwan ƙasa mai duhu maimakon ja, amma ba ya warin ƙuna, kuma bai yi fari kamar shayi da madara ba, wanda shi ne alamar ruwan lagireto ya shiga ciki. Wannan cuta ce da aka sani a wasu motocin wannan ƙira na farkon shekarun 2000, na ji daɗi da ya duba ba sai na tambaya ba.

Ina man ya tafi? Muka shiga rami ya haska min tocila a gefen giyar. Akwai soket mai ƙafa 13 inda wayoyi ke shiga, robar bakinsa ta saki, mai yana tsatsa. Ya ce haɗarin ba yoyon kaɗai ba ne, man yana bin cikin waya ya hau har kwamfutar giya da ke ƙarƙashin ƙafar fasinja. Ya ɗaga kafet, ya zare filoginta, muka same shi a bushe. Aka canja soket ɗin, aka sauke kwanon mai, aka sa sabuwar filta da gasket. Maganaɗisun da ke cikin kwanon laushin toka kawai ya kama, babu ɓarɓashin ƙarfe. Mai kuma ya dage sai wanda aka rubuta MB 236.14 a jikin galan, ya hana ni sayen na awo da ake sayarwa a bakin hanya. A ƙarshe ya goge tsohon lissafin da giyar ta saba da shi, muka fita ta koyi sabo.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Wurin ba inuwar kirki, benci ɗaya ne kuma ya sha baƙin mai. Aikin yana tsayawa duk sa'ad da wani ya shigo da tambaya, domin Masta kaɗai ke taɓa na'urar, yaran ba su iya karanta ta ba. Na nemi a rubuta min lambobin matsalar da ta nuna, sai da na nace. Kuma kujerar direba ta dawo da shatin hannu. Kuɗin gwaji daban yake karɓa kafin a taɓa komai, wasu na ƙorafi a kan haka, ni ban ga laifinsa ba. Jimillar abin da na biya, da kaya da aiki, ko kusa bai kai kuɗin giyar hannu ba.

Na gwada ta a hawan Mampong da mutum huɗu a ciki. Tana sauka giya da zarar na taka, hayaƙin ya ɗauke, bugun nan tsakanin ta biyu da ta uku babu shi. Da sassafe takan ɗan riƙe giya kafin ta sake, Masta ya ce haka take har sai inji ya ɗumama. Akwai farantin lantarki a cikin giyar mai ɗauke da na'urorin auna gudu, wanda yakan lalace a wannan ƙirar. Bai canja shi ba tunda bai nuna matsala ba. Ya ce in wata rana ta maƙale a giya ta biyu in kawo ta, da shi za a fara. Ya kuma ce in dawo bayan ɗan lokaci a sake canja man, domin sauke kwano kusan rabin tsohon kawai yake fitarwa, sauran yana cikin tok-kanbata, abin da ke haɗa inji da giya.