Gurup ko sola: wanne ya fi dacewa da ƙaramin asibiti a Tawa?

A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kowa ya ga amfanin tanadin madogara idan wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, ta ɗauke. Mai ƙaramin asibiti a Tawa zaɓi biyu gare shi: gurup, wato janareto, ko sola da batura.

Gurup akwai ƙarfi. Yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da injin oksijin da fitilun tiyata lokaci guda, dare ko rana, kuma kuɗin sayensa bai kai na sola ba. Sai dai kullum cikin ci yake: gazuwal, juyen baƙin mai, canjin filta. Ga ƙara da hayaƙi kusa da majinyata. Ko mai tashi da kansa ne, sai an yi 'yan daƙiƙu cikin duhu kafin ya kama, abin da ke tayar mini da hankali in na tuna bakwaini a cikin kwalba.

Sola kuwa, rana ba ta yi mana rowa. Tun 2018 tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 take aiki a jiharmu. Batir nan take yake karɓar aiki, ba ƙara. Zafi ne matsalarsa: a Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, batirin dalma saurin lalacewa yake yi. Na litiyom ya fi daɗewa, amma da tsada. Lokacin hunturu kuma sai an riƙa goge ƙura daga faifan.

Ni dai firjin allurar rigakafi da ɗakin haihuwa sola zan sa musu, gurup ya tsaya wa ɗakin tiyata.