Dutsen lasa na shanu ko kantu da kanwa ga ragunan turka?

Malam, tsakanin dutsen lasar shanu da ka tambaya da kantun gishiri da kanwa, kantu da kanwa za ka saya, kada ka tsaya wani lissafi.

Da su muka tashi a gidanmu. Baba yakan sayo kantun Bilma ya girke shi a gindin turke, ya jiƙa 'yar kanwa a ruwan dusa, raguna su yi ta lasa suna shan ruwa suna cin harawa. Har yau haka nake yi, kuma Babbar Sallah ba ta taɓa zuwa na ji kunyar ragona a kasuwa ba.

Dutsen shanu kuwa, ga shanu ba laifi. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Matsalar sinadarin jan ƙarfe ce, wanda ake rubutawa Cu a jikin kwali. Saniya tana jure shi, akuya ma da dama-dama, amma tunkiya hantarta tara shi take yi, ba ta iya fitarwa sosai. Idan ya wuce kamar miligiram 15 a kowane kilo na busasshen abinci, an shiga haɗari. Ga shi ganyen dangin wake da gyaɗa ya fi ciyawa yawan wannan sinadari, kai kuma harawa ce cimar ragunanka. Ita kaɗai ba abin tsoro ba ce, sai an ɗora mata dutsen shanu, ko abincin kaji da kashinsu da wasu ke zuba wa raguna don su yi saurin ƙiba.

Abin takaicin, wata da watanni rago yana nan sumul. Ranar da aka loda shi a mota zuwa Legas, ko ya sha wata wahala, sai hanta ta saki abin cikin jini. Ya ƙi ci, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma ja mai duhu, kwana ɗaya ko biyu ya faɗi. Ka ga haka, maza likitan dabbobi, ka janye dutsen daga gaban sauran.

Ka kuma yi hattara da masu shago da ke ɓare kwali su ce maka "ai na duk dabbobi ne". In lallai dutsen kanti kake so, sai wanda aka rubuta na tumaki ne, a kwalinsa, ka karanta da idonka kafin ka miƙa kuɗi.