Sharhi a kan wani kwas na zane da ilimin ƙwaƙwalwa a Yamai

Kwas ɗin yamma ne da wata malamar zane take bayarwa a shagonta a nan Yamai, kuma duk mai sana'ar zane ko ɗinki ko dukanci zai ci ribarsa, domin yana bayyana dalilin da ya sa wani aikin yake kama ido, wani kuma ido ya wuce shi.

Darasin da ya fi ratsa ni shi ne na haske da launi. Malama ta nuna mana zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa da mai zane Claude Monet ya yi a 1872, sannan ta ce kowa ya ɗauke shi da wayarsa ya mayar da shi baƙi da fari. Jajayen launukan suna gushewa, sai ranar ta kusan ɓacewa a cikin gajimare, saboda ƙarfin haskensu ɗaya ne. Kamar yadda Margaret Livingstone ta jami'ar Harvard ta bayyana, sashen gani da ke gane wuri da motsi a ƙwaƙwalwa ba ya bambanta launi, haske kawai yake aunawa. Tunda ya kasa tsayar da ranar wuri ɗaya alhali ɗaya sashen, mai gane launi, yana ganin janta sarai, sai ta riƙa yin kamar tana rawa. Haka kuma murmushin Mona Lisa, matar da ke cikin shahararren zanen Leonardo da Vinci, ya fi fitowa idan aka kalli idanunta maimakon bakinta, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama inuwa mai laushi.

An kuma taɓo binciken masana ƙwaƙwalwa Hubel da Wiesel, waɗanda suka samu lambar Nobel a 1981, kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu amsa wa layi gwargwadon karkatarsa, amma an yi shi a gurguje.

Abin da ya dame ni shi ne misalan duk na Turai ne. Da na gwada dabarar wayar a kan wani matashin fata da na saya wurin dukawan gidan tarihi na Boubou Hama, sai ja da korensa suka haɗe suka zama toka-toka, baƙin zaren da ya raba su kaɗai ya rage yana riƙe da adon. Badukun da ya ɗinka shi ya san wannan da hannunsa, kuma ya kamata a ce da irin aikinsa, da zanen bangon gidajen Damagaram, aka buɗe kwas ɗin kafin a kai ga Faransa.